Tsiro Ba Ya Gudu, Amma Yana Da Makami

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san cewa idan fara ta sauka a gari takan cinye hatsi, ta cinye wake, ta kakkaɓe ganyen itatuwa, amma da wuya ta taɓa bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. Kowa kuma ya ga tumfafiya tsaye da ɗanyen ganyenta a tsakiyar rani, a bakin hanyar da garke ke bi safe da yamma. Sai dai akuya ta ɗan tsinka ta wuce. Me ya kare waɗannan biyu?

Tsiro ba ya da ƙafar gudu. Ba ya da hannun kora, ba ya da wutsiyar kaɗe ƙuda. Inda ya fito, nan zai tsaya har ya mutu. A sama tsutsa da darɓa da fara suna cin ganyensa da furensa. A ƙarƙashin ƙasa gara da gwazarma da ƙananan tsutsotsi suna cin saiwarsa. Duk da haka daji yana yin kore kowace damina. Dalili shi ne, tsiro yana haɗa magunguna a cikin jikinsa: wani mai ɗaci, wani mai yaji, wani mai wari, wani kuwa dafi ne tsantsa. Waɗanda masana suka sani sun haura iri 100,000.

Mun kawo wannan magana a shafin lafiya da noma ne domin ta shafi duka biyun. Dafin da ke tsaron shuka a gona, shi ne kuma yake biyo ta har cikin tukunyarmu da cikin tumbin dabbobinmu.

Makamin da ke ajiye kullum

Wasu tsirrai suna zaune da makaminsu dare da rana. Tumfafiya tana cikinsu. Da an karya ganyenta sai farin ruwa mai kama da nono ya fito. Yana da danƙo, yana manne bakin ƙaramar tsutsa. Yana kuma ɗauke da dafi mai rikita bugun zuciya. Bagaruwa kuwa, abin da ke sa ƴaƴanta bauri shi ne abin da majema ke nema don gyaran fata. Yadda yake ƙanƙame fata, haka yake damun cikin ƙwari da yawa idan sun ci shi.

Ku ɗauki ganyen auduga, wato kaɗa, ku ɗaga shi wajen haske. Za ku ga ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe. Suna nan a kara, suna nan a cikin angurya. Kowane ɗigo ƙaramar jaka ce cike da dafi, kuma babba daga cikin dafin ana kiransa gosifol. A shekarun 1950 masu bincike a Amurka suka fitar da irin auduga marar waɗannan ɗige-ɗige, don mutane da kaji su iya cin anguryarta. Anguryar ta yi kyau, amma gonar ta zama wurin bikin ƙwari, har da waɗanda a da ba su kula auduga. Wannan dafi ne ya sa babbar saniya ke iya cin angurya da dusarta daidai gwargwado, amma kaji da ƴan maruƙa da ƴan raguna da ba su fara tuƙa ba suna cutuwa idan an yawaita musu.

Abu biyu da ba a haɗa su ɗaki ɗaya

Akwai wata dabara da ta fi wannan ban mamaki, kuma kowace mace da ta taɓa yanka albasa ta san ta. Albasar Galmi tana iya yin watanni a rumbu ba ta sa kowa hawaye ba. Da wuƙa ta shige ta, ido ya kama zafi. Ga yadda abin yake. Jikin tsiro an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani sai da madubin likita. Albasa tana ajiye abu biyu, kowane a nasa wuri. Muddin ba su haɗu ba, babu abin da zai faru. Idan wuƙa ko haƙorin ƙwaro ya rushe bangon da ke tsakaninsu, sai su gauraya, nan take iska mai yaji ta tashi. Ta haka tsiron ba ya cutar da kansa. Mai cizonsa ne yake haɗa dafin a cikin bakinsa.

Anza ma haka take. Ku murje ɗanyen ganyenta, za ku ji wari mai shiga hanci. Tun kaka da kakanni ana shimfiɗa ganyen anza a cikin rumbu don tsaron hatsi da wake. Masu bincike a Yamai sun gwada wannan al'ada a shekarun 1980, na Senegal kuma suka fitar da sakamakonsu a 1993. Sun tarar cewa ɗanyen ganye ko ƴaƴan anza da aka daka, gwargwadon kilo 2 zuwa 4 a cikin kilo 100 na wake, yana kashe kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari na manyan ƙwarin wake. Abin da ke kashe su iska ce da ke tashi daga dakakken ganyen. Saboda haka sai a cikin mazubi mai rufi aikin ke yin kyau. Idan rumbu a buɗe yake, iskar takan tsere.

Wannan makami na anza yana nan a cikin ƴaƴanta, wato dilo. A shekarun yunwa, kamar 1984 da 2005, dilo ya riƙe gidaje da yawa a ƙasarmu. Amma iyayenmu mata ba su taɓa dafa shi kai tsaye ba. Sukan jiƙa shi kwana da kwanaki, suna zubar da ruwa suna sake wani, har ɗacin ya fita sarai. Mai gaggawa ya rage kwanakin, ya jawo wa gidansa ciwo.

Yanzu mu zo kan dawa. Ƙaramar dawa tana da abu biyu a ɗakunanta, waɗanda idan sun haɗu suke ba da dafi mai suna siyanur. Wannan dafi yana hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Yana da yawa tun dawa tana ƙarama, lokacin da ba ta da ƙarfin jure ɓarna, sa'an nan ya ragu yayin da take girma. Ƙwayar dawa da ta nuna ba ta da wannan haɗari. Haɗarin yana ga ƙaramar shuka wadda ba ta wuce gwiwa ba, da gyauron da ya sake tohowa bayan girbi, da dawar da fari ya tsugunar sa'an nan ruwa ya sauka a kanta. Yawan takin zamani mai sa ganye kore yana ƙara dafin. Saniya ko tunkiya ko akuya da ta shiga irin wannan gona da yunwa takan fara haki, jikinta ya yi rawa, ta faɗi. Wani lokaci ko awa ɗaya ba a yi ba ta mutu. Makiyayan da suka ce gyauro yana kashe dabba ba camfi suke yi ba. A tsare garke daga gare shi. Idan za a ba dabba irin wannan dawa, a yanke ta a shanya ta bushe ƙarau tukuna, domin bushewa tana rage dafin ƙwarai. Idan dabba ta riga ta ci ta fara haki, a fitar da sauran daga gonar, a nemi likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Rogo: dafi a sama, dafi a ƙasa

Rogo shi ne babban misali, domin shi yana da siyanur a ganye, yana da shi a saiwa. Dukiyarsa tana binne a ƙasa wata da watanni, inda ɓera da ƙwari za su iya samunta. Dole ya yi mata tsaro. A ƙasar Kolombiya, inda wani ƙwaro mai haƙa rami yake huda saiwar rogo yana tsotsa, an ga cewa ya fi ɓata rogo mai daɗi, ya rage wa mai ɗaci. Shi ya sa manoma a ƙasashe da yawa ba su yarda su bar mai ɗaci ba: ƙwari da birai da ɓarayi duk suna ƙyale shi.

A rogo mai daɗi, yawancin dafin yana cikin ɓawo. A mai ɗaci, ya ratsa duk farin naman. Kuma a shekarar fari, kowane iri yakan ƙara dafi. Nan ne haɗarin yake, domin shekarar fari ita ce shekarar yunwa, kuma mai yunwa ba ya jira. A 1981 fari ya faɗa wa arewacin Mozambik. Abinci ya ƙare sai rogo mai ɗaci, mutane suka riƙa cinsa ba tare da sun gama gyara shi ba. Mutum fiye da 1,000 suka kamu da wata cuta mai suna konzo, wadda wani likita ya fara bayyanawa a ƙasar Kwango a 1938. Mutum yakan kwanta lafiya, ya wayi gari ƙafafunsa sun sandare. Ba ta warkewa. Ta fi kama yara da mata masu haihuwa, musamman waɗanda abincinsu rogo ne kawai, babu wake, babu gujiya, babu kifi ko ƙwai. Waɗannan abinci su ne ke ba jiki abin da yake wanke dafin da shi. A inda gishiri ba ya da sinadarin iyod kuma, yawan cin rogon da ba a gyara ba yana ƙara maƙoƙo.

Gyaran rogo bai da wuya, haƙuri yake so. Dabarar ita ce a sa abu biyun nan su haɗu tun a waje, dafin ya tashi ya bi iska ko ya bi ruwa, kafin rogo ya shiga ciki. A fere ɓawon duka. Mai daɗi a yayyanka shi, a dafa shi da ruwa mai yawa a tukunya buɗe, a zubar da ruwan. Mai ɗaci a jiƙa shi kwana 3 zuwa 5 har ya yi laushi, sa'an nan a shanya. Ko kuma a goge shi, a matse a buhu ya kwana biyu ko uku, a soya, kamar yadda masu yin garin rogo ke yi. Idan an sayi niƙaƙƙen rogo a kasuwa ba a san yadda aka gyara shi ba, a kwaɓa shi da ruwa, a baza shi siriri a faranti, a bar shi awa 5 a inuwa ko awa 2 a rana kafin a tuƙa. Ganyen rogo kuwa sai an daka shi lilis an tafasa sosai. Kada a ba yara ɗanyen rogo. Wanda ya ci rogo ya ji jiri da amai da ciwon kai bayan ƴan awoyi, a kai shi gidan likita, a kuma faɗa musu abin da ya ci.

Saiwa da ganye suna aika wa juna saƙo

Ba kowane makami ne tsiro ke ajiyewa kullum ba. Haɗa dafi yana cin ƙarfi, kuma ƙarfin da ya tafi can bai tafi ga ƙwaya ba. Don haka tsirrai da yawa sukan jira sai an taɓa su. A 1972 wasu masana biyu a Amurka, Green da Ryan, suka bar wani ƙwaro ya ci ganyen tumatir. Kafin kwana biyu, har ganyayen da ƙwaron bai kai gare su ba sun cika da wani abu mai hana cikin ƙwari narkar da abinci. Ashe labarin cizon ya zaga duk jikin shukar.

Taba ta fi nuna wannan a fili. Dafinta, wato nikotin, ba a ganye ake yinsa ba. A saiwa ake yinsa, sa'an nan ya hau sama tare da ruwa. Idan tsutsa ta ci ganye, saƙo yakan sauka ƙasa, saiwa ta ƙara aiki, cikin ƴan kwanaki dafin da ke ganye ya ninka. Masu noman taba sun daɗe suna amfani da wannan hali: sukan karye kan shuka don ganyen ya yi ƙarfi. A 2004 masu bincike daga Jamus suka shuka tabar daji wadda aka rage wa nikotin, a cikin hamadar Amurka, kusa da ƴan uwanta masu cikakken dafi. Ƙwari suka ci ganyenta ninki uku na abin da suka ci na sauran. Yana da kyau mai shan taba ko mai ɗura ta a baki ya san cewa abin da yake nema a cikinta maganin ƙwari ne.

Saƙon yana kuma tashi daga ƙasa zuwa sama. A ƙasar Holan an gwada auduga wadda tsutsa ke cin saiwarta. Sai aka tarar dafi ya ƙaru har a ganyenta, tsutsar da ke cin ganyen kuma ta rage girma. Ƙwari biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya ya ɓata wa ɗaya abinci.

Dankali ma yana mayar da martani a ƙasa. Idan ƙwaron nan mai dogon baki ya huda shi, tsutsarsa ta yi hanyoyi a ciki, naman da ke kewaye da hanyoyin yakan yi duhu, ya yi ɗaci da wari. Dankalin ne da kansa ya haɗa wannan ɗaci. Yana da illa ga hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da shi. Kada a ci, kada a zuba wa dabbobi. Ƙwaron yana shiga ne ta tsagar ƙasa idan kunya ta bushe, don haka a riƙa tara ƙasa a gindin shuka ana toshe tsagar. Haka dankalin turawa: wanda rana ta taɓa ya yi kore, ko wanda ya tsira, a yanke koren da tsiron da zurfi, in ya yi yawa a yar.

Kiran taimako

Kowa ya san zanzaro, yadda yake ɗauko tsutsa ya cusa a ɗakinsa na laka don ƴaƴansa su ci. Yana da ƙananan dangi masu yawa, wasu ba su kai girman sauro ba. Su ba su gina ɗaki. Sukan sa ƙwansu a jikin tsutsa ko a cikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Amma ta yaya ɗan ƙaramin abu zai gano tsutsa ɗaya a cikin gona mai faɗi?

A 1990 Turlings da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa masara ce ke kiransu. Idan tsutsa ta ci ganye, bayan ƴan awoyi masarar takan saki wani ƙanshi na musamman, ƙananan zanzaron su biyo shi. Da aka karce ganyen da reza kawai, ƙanshin bai taka kara ya karya ba. Da aka shafa yawun tsutsa a kan raunin, sai ya tashi sosai. Wato shuka tana rarrabe raunin iska ko ƙarfe da cizon maƙiyi.

A 2005 aka gano irin wannan kira a ƙarƙashin ƙasa. Masu bincike na jami'ar Neuchâtel a ƙasar Suwis suka duba wata tsutsa mai cin saiwar masara a Amurka da Turai. Saiwar da aka ciza tana sakin wani abu da ke ratsa ƙasa. Yana jawo wasu tsutsotsi sirara da ido ba ya gani, su shiga jikin mai ɓarnar su kashe ta. Wani abin lura: yawancin irin masarar Amurka, waɗanda aka daɗe ana zaɓa don yawan amfani, sun rasa wannan murya. Ana cizon su, ba su iya kira.

Mu ma muna da irin waɗannan abokai a gonakinmu. Murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi tana barin zane kamar an naɗa igiya, tana da wani ƙaramin zanzaro mai kashe ta. Daga 2006 cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tare da abokan aikinta na Mali da Burkina Faso, ta fara kiwonsa tana sakinsa a ƙauyuka, har da na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ana sa shi a ƙananan buhuna tare da ɗan hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a rataye kamar buhu 15 a kewayen gari lokacin da hatsi ke fitar da kai. Ba ya harbin mutum, ba ya cin shuka. Abin da ya fi kashe shi shi ne feshin maganin ƙwari barkatai. Wanda ya yi feshi ba tare da ya duba ko ɓarnar ta kai a yi ba, yakan kashe mai gadi tare da ɓarawo, kuma sau da yawa ɓarawon ne ke riga dawowa.

A yammacin Kenya, daga 1997, cibiyar icipe ta koya wa manoma haɗa tsirrai uku. Tsakanin layukan masara ana shuka wani ɗan uwan wake mai suna desmodiyom, wanda warinsa ke korar uwar tsutsar kara, saiwarsa kuma take hana ƙuduji kama masara. A gefen gona ana shuka wata doguwar ciyawa mai jawo uwar tsutsar ta yi ƙwai a kanta, danƙon ciyawar kuma ya kashe yawancin ƴaƴan. An tsara wannan ne don ƙasa mai ruwan sama fiye da tamu, don haka ba abin da za a kwafa ido rufe ba ne a jigawa.

Ƙwari ma ba su zauna ba

Kada a ɗauka tsiro ne kullum ke cin nasara. Farar tumfafiya, mai launin nan mai ɗaukar ido, tana cin ganyen da ke kashe wasu. Har tana tara dafin a jikinta, ta fesa wa mai son kama ta. Shi ya sa ba a ganinta a cikin farar da ake soyawa a kasuwa. Akwai kuma tsutsar wani malam-buɗe-littafi da ke cin tumfafiya. Tun tana ƙarama takan fara yanka da'ira a ganye, ta bar farin ruwan ya tsiyaye, sa'an nan ta ci tsakiya. Tsutsar masarar nan da ta fito daga nahiyar Amurka, ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016, cikinta yana iya kwance dafin ƙaramar masara ya mayar da shi abin da ba ya cutarwa.

Mu kanmu mun rage wa shuke-shukenmu makami. Kwartowa ta daji ƴar uwar kankana ce, amma ɗacinta ba ya ɗanɗanuwa. Kakanninmu sun yi ta zaɓen mai daɗi suna ajiye irinsa, shekara bayan shekara. Abin da ya yi mana daɗi ya yi wa ƙwari daɗi, aikin tsaro kuma ya dawo wuyan manomi. A ganinmu wannan dalili ne babba na kada gari ya yar da tsofaffin irinsa duka don sabon iri ya zo. Wani lokaci kuma tsohon hali yakan dawo. Idan kabewa ko gurji ya yi ɗaci irin na duma, kada a ce za a daure a ci. Yana kawo amai da zawo mai tsanani, dahuwa kuma ba ta kashe shi.

Aron makamin bedi

Mutane sun daɗe suna aron makaman tsirrai. Maganin da ke jikin yawancin gidajen sauro da ake raba mana, an kwaikwayi dafin wani farin fure ne da ake nomawa a tsaunukan Kenya da Tanzaniya da Ruwanda. Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne bedi. Asalinsa daga wajen Indiya yake. Yau ba garin da babu shi, kuma a kwarin Majiya, a jihar Tawa, an dasa shi layi-layi daga 1975 don kare gonaki daga iska.

A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da farar ɗango ta sauka. Ya ga ta cinye komai ta bar bedi. A 1968 aka ware babban maganin da ke cikinsa a Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. Ya fi yawa a cikin ƙwayar ɗan bedi, fiye da ganye. Ba ya kashewa nan take. Ƙwaro yakan daina ci. Tsutsar da ta ci kuma takan kasa saɓa, wato ta kasa tuɓe tsohuwar fatarta don ta girma, sai ta mutu bayan kwanaki. Manoma da yawa sukan yi feshi yau, gobe su ga tsutsa tana motsi, su ce bedi ba ya aiki. A duba ganyen: idan sabon ci ya tsaya, maganin ya kama. Kuma da yake sai ƙwaro ya ci yake yi masa illa sosai, ɓarnarsa ga zanzaro da zuma ba ta kai ta yawancin magungunan kanti ba.

Ga yadda malaman gona ke koyar da haɗa shi don garka da gonar wake. A tsince nunannun ƴaƴa, a wanke naman, a shanya ƙwallon a inuwa. A daka giram 500, wato rabin kilo, har ya yi gari. A zuba a ruwa lita 10, a bar shi ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle mai kyau, a narka ɗan farin sabulu a ciki don maganin ya kama ganye. A yi feshi da yamma, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa, a kuma jiƙa bayan ganye inda darɓa ke ɓuya. A maimaita bayan kwana 7. Ya fi aiki tun tsutsa tana ƙarama. Abin da aka haɗa a yi amfani da shi a ranar, kada a ajiye.

Kasancewar magani daga itace yake bai sa ya zama marar haɗari ba. Man bedi ba na sha ba ne. A Indiya da Maleziya an ga jarirai da aka ɗura wa shi sun kamu da amai da jijjiga, wasu sun mutu. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa don feshi yana ratsa fatar mutum. Mai haɗa shi ya rufe hannu da hanci, kada yaro ya kusance shi, kada a fesa shi ga ganyen da za a tsinka a ci a kwanakin nan. Kada kuma a sa shi ga tumatir da tonka da gauta, domin yana iya kai musu wata cutar taba mai lanƙwashe ganye. Farin ruwan tumfafiya idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa nan take, a tafi gidan likita ko da zafin ya lafa.

Ƙwallon bedi da za a ajiye don damina mai zuwa, a tabbata ya bushe sosai, a zuba shi a buhun algarara ko kwando, a rataye a inuwa inda iska ke shiga. A cikin leda yakan yi fumfuna, kuma wanda ya yi fumfuna sai a zubar.